Takardar Shaidarka Tana Manne a Teburin Baba

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka juriyar zaman nesa da gida. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita unguwa, yarana kuma sun koma makaranta.

Dogo, ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu. Ka ce in aiko maka da ainihin takardar shaidar kammala karatunka, tunda masu sabon aikin sun ƙi karɓar kwafi. Na je gida na zazzage akwatin ƙarfen Baba kaf, ban gan ta ba. Ina tsaye a falo ina gumi, sai Baba ya shigo da fara'arsa, ya ce in daina wahalar da kaina, in ɗaga mayafin da ke kan teburi.

Ka tuna teburin nan da dutsen guga ya ƙona tsakiyarsa? Ashe tun da Baba ya ajiye aiki zaman banza ya ishe shi, yake wuni a shagon kafintan bakin layi. Can ya koyi yadda ake rufe tabon katako da takarda: a yanka, a shafa gam, a manna, a bi da man sheƙi. Na ɗaga mayafin, sai ga takardarka shimfiɗe a kan ƙunar, an kewaye ta da furannin da ya yanko daga tsohuwar kalanda, tana ƙyalli kamar madubi. Har gefenta ya rage da almakashi don ta zauna daidai. Wallahi salati kawai na saka.

Shi kuwa sai bayani yake yi mini, wai kyankyasai ne kawai ke karanta ta a cikin akwati, yanzu kuwa duk baƙon da ya zauna shan shayi sai ya ga abin da ɗansa ya zama. Da na daure na gaya masa aikinka a kanta ya rataya, sai murmushin ya ɗauke. Ya sa farce a gefen takardar yana ƙoƙarin ɓamɓarowa, na riƙe masa hannu. Kafinta ya zo ya duba, ya ce man ya riga ya ratsa ta, ko an jiƙa, ɓawon rubutun ne zai biyo. Inna ta ce garin gyaran gira an tsone ido, na yi mata alama ta yi shiru, domin ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba.

Washegari na koma na tarar da shi durƙushe a tsakar gida da zarto. Da hannunsa ya yanke tsakiyar teburin, ya goge gefen, ya naɗe a bargo. Ya ce in aika maka, ka kai musu haka, sunanka da hatimin duk suna nan, in kuma sun ƙi, ka ce laifin tsohonka ne. Don haka katako na nan tafe a hannun direban da ka sani. Ni ma zan je makarantarku in ji ko suna sake bayar da wata.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka kira shi, kuma kada ka yi masa faɗa. Tun ranar bai leƙa shagon kafinta ba, ko abinci sai Inna ta matsa masa. Da wayata ta yi ƙara sai ya ɗago kai ya tambaya ko kai ne.

Inna tana sa maka albarka. Gwaggo da Kawu da Auta suna gaishe ka. Ka gaishe mini da matarka, ka shafa mini kan Ƙaramin Baba.

Taka har kullum,
Yayarka