A Dawo da Kular Marsandin Mahaifinmu daga Maraɗi

Zuwa ga Shugaban Kanikawan Garejin Hanyar Boda, Jibiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman afuwa da na ɗauke maka hankali daga aikinka, da kuma yadda na fito da maganar fili. Ba halina ba ne. Sau biyu na aiko ƙanena Sanusi wurinka bai same ka ba, saƙon da ya bari kuma shiru.

Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar tsohuwar Marsandi mai shan gas, wadda ya fi shekara talatin yana hawa. Ba a raba gado ba tukuna, kuma cikin magadan akwai ƙannenmu biyu da ba su balaga ba, suna ƙauyen Mazanya. Ni ce babba, ni aka damƙa wa makullin. Malamin da zai yi rabon ya sa mana mako na biyu bayan Babbar Sallah, ya ce a kawo motar yadda mai ita ya bar ta, a yi mata ƙima.

Ga abubuwa uku da suka faru. Na farko. Cikin azumi na ga baƙin mai yana ɗiga ta gabanta. Sanusi ya kai ta wurin wani bakanike cikin mutanenka. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, yana cikin saƙon da aka bar maka. Ya duba ya ce kula ce, wato abin da ke sanyaya baƙin mai a gefen lagireto, ta tsage daidai bakin da tiyo ke shiga. Ya ce ba a samun sabuwa yanzu, sai walda. Ya kwance ta, ya kai Katsina aka liƙe, ya hura mata iska cikin bahon ruwa a gaban Sanusi, ko kumfa ɗaya ba ta fito ba. Wannan aiki ya yi kyau, kuma na shaide shi a kai.

Na biyu. Kafin ya mayar da ita, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya iso da irin motar, tasa kular ta fashe, yana sauri ya haye kafin a rufe ƙofar boda. Sai aka ɗaura mashi tamu, wai aro, zai dawo da ita ranar kasuwa. Tamu motar kuma aka haɗe tiyo biyun baki da baki. An ci kasuwa sau da dama tun daga nan, ba a ga mutumin ba. Bakaniken bai ɓoye ba. Ya ce wa Sanusi haka ake yi a kowane gareji, motar da ke zaune ita ke rufa wa mai tafiya asiri, kuma tamu za ta yi tafiya a haka in dai ba a yi nisa cikin rana ba. Ban san inji ba, ba zan musa mashi ba. Abin da na sani shi ne ba a tambaye ni ba, kuma ko an tambaye ni ba ni da ikon ba da aron abin da marayu ke da rabo a ciki.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Da Sanusi ya matsa, sai ya ce a kwantar da hankali, akwai wata Marsandi a bayan garejin da mai ita ya daɗe bai leƙo ba, zai ciro tata ya sa mana, babu mai ganewa. Na aika mashi da godiya, na ce kada ya taɓa ta. Ba zan kai wa malami mota da kayan wani a cikinta ya raba wa yara ba. Ba zan kuma tsaya in ce ga ta yadda Baba ya bar ta, alhali na san akwai gurbi a gefen lagireto.

Ranka shi daɗe, ba na neman a kori kowa ko a ci mutuncinsa, yana da iyali. Roƙona shi ne ka sa a bi mutumin Maraɗi a karɓo kular, tunda kanikawanku da na can sun san juna. Tabon waldar yana jikinta, Sanusi zai gane ta. A ɗaura ta, a tayar da motar a gabansa. Ita kuma waccan Marsandin ta bayan gareji, a aika wa mai ita ya zo ya duba kayansa.

Allah shi ƙara maka girma, shi sa albarka a sana'arku, shi sa mu gama da amanar da ke wuyanmu lafiya. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, kafin Sallah, ko ta bakin Sanusi ce, in san abin da zan faɗa wa malamin.

Wassalam.

Rakiya, Jibiya.