Bature da Rumbun Kawu

Daren Lahadi, Boɗinga

Yau na ga banza. Wani Bature ya shigo gari da ƙatuwar jaka goye a baya kamar mai jego, wai daga kasuwar Shagari yake, a ƙasa. Ana wannan tsadar, sabulu ma ya gagare mu, shi ko mai kuɗin jirgi ya zaɓi wahala da kanshi! Da gurguwar Hausarshi ya ce tsoffin wuraren bauta yake nema. Na ce taho, akwai.

Na kai shi bayan gidanmu, gun ruɓaɓɓen rumbun Kawu Liman inda awaki ke kwana. Na ce nan kakanni ke tsafi a zamanin da. Wawan ya tuɓe takalmi, ya taka kashin awaki cikin ladabi, yana ta ɗaukar hoto. Dariya ta kusa kashe ni.

Sai ga Kawu ya fito za shi La'asar, mutane na biye da shi. Bature ya rusuna ya ce, "Sannu, Baba. Kai ne mai tsafin?"

Kawu ya dube ni. "Sahabi, wa ya kawo baƙon ga?"

Kafin Magariba gari ya ɗauka, wai akwai tsafi gidan Liman. Kawu bai buge ni ba. Cewa ya yi gobe in rushe rumbun, in kwaɓa ƙasa in gina sabo, ni kaɗai.

Shi ko gogan ya wuce Dandin Mahe da goyonshi, ko a jikinshi. Ya bar ni da dakon laka.