Furen da Na Ƙura wa Ido

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah ya kai haske kabarinki, ya sa kina cikin ni'ima.

Inna, da kina raye ba zan iya furta miki wannan magana ba, sai dai ki gane da idonki ki kawar da kai. Ina da juna biyu. Cikin ya yi ƙwari har ya saba motsi. Amma tun jiya da la'asar ban sake jin motsinsa ba.

Jiya da safe surukinki ya ce in shirya, zai kai ni in ga fure. Kin san ni da littattafan soyayya. Ke kike cewa, "Takardun nan sai sun sa ki ƙona tuwo a gidan miji." A cikinsu kullum miji yana miƙa wa matarsa fure mai ƙamshi, ni kuwa tun da na zo garin Greensboro a ƙasar Turawa nake jiran ranata. Na ɗauko leshina, na turara shi, na shafa humrar da kika haɗa mini a Damagaram, wadda nake tattalinta kamar ƙwai.

Muka bar unguwarmu ta Glenwood muka yi tafiya mai nisa zuwa wata jami'a, inda ake renon tsirrai a ɗakin gilashi. Layi har waje. Sai da muka kusa ƙofa ya faɗa mini sunan abin yana dariya. Wai furen gawa.

Inna, ya fi surukinki tsawo. Wani abu ne kamar taɓarya ya miƙe a tsakiya, ga fata ta buɗe ta kewaye shi, wajenta kore, cikinta ja mai duhu kamar hanta. Turawa sun ce gawa, amma mu gawarmu ba ta jira ta yi wari. Wannan warin mushe ne, irin na akuyar da ta kumbura a bakin kududdufin bayan gidanmu da damina. Ma'aikaciyar wurin ta ce daga wani tsibiri na Indonesiya aka kawo shi, yana shekaru bai buɗe ba, in ya buɗe kwana ɗaya ko biyu ya zube, warin kuma na kiran ƙudaje ne. Mutane sun toshe hanci suna ɗaukar hoto, suna murna kamar an yi haihuwa. Surukinki ma baki har kunne.

Ni kuwa na kasa ɗauke idona. Na tsaya ina kallon cikin jan nan, humrata ta cakuɗe da warin, har na rasa wanne ke fitowa daga jikina. A nan ɗan da ke cikina ya yi motsi ɗaya mai ƙarfi. Shi ke nan.

A mota na tuna ranar da muke dawowa daga kasuwa da Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba, tana da tsohon ciki. Da muka zo wajen mushen wani jaki, kika ja mayafinta kika rufe mata fuska. Kika ce, "Mai ciki ba ta kallon mushe. Abin da ido ya ɗauka, ciki yake kai wa." Na san camfi ne. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga. Amma muryarki ta fi tawa ƙarfi.

Yau na sha ruwan sanyi, na kwanta ta gefe, na dafa cikin ina karanta duk abin da na haddace. Shiru. Surukinki ya tafi aiki, da ya tambaye ni na ce lafiya lau.

Akwai Hajiya Mariyama a garin Pleasant Garden, nan kusa da mu, ita ce uwar duk amaren da aka kawo daga gida. Ranar da ta fara ganina ta ce, "Amarya, nan ƙasar kunya ba ta tuƙa mota. In abu ya same ki, buɗe baki." Da hantsi na kira ta. Na gaishe ta, na tambayi Alhaji, na tambayi yara da gajiya, na ajiye waya. Ta yaya zan yi maganar cikin fari da bakina? Ke ma ni ce ta farinki. Har kika koma ga Allah ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai "waccan". Ban taɓa shakkar sonki ba, kuma na ɗauka ni ma haka zan yi wa nawa, in so shi a ɓoye.

Bayan azahar na sake kiranta, na rufe ido na faɗa. Ba ta yi mini tsiya ba. Ta ce in sa hijabi, ga ta nan tafe.

Yanzu ina bakin taga ina jiran motarta. A asibiti za su tambaye ni, kuma zan amsa da babbar murya cewa ɗana ne, ina son sa, a duba mini shi. Ki yafe mini wannan rashin kunyar, Inna. Ba ni da ke a kusa da za ki faɗa a madadina.

Ya Allah, Mai rayar da abin da ke cikin duhu, ka motsa shi. Ka gafarta wa Innata, ka yalwata mata makwanci, ka bar mini jikanta.

'Yarki ta fari,
Hadiza