Farin Fili a Taswirar Injiniya

Al Asmakh, Doha
Litinin

Zuwa ga Jannat, Maman Nasira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Nasira da Inna. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai kewarku. Kullum ƙorafinki shi ne in na kira waya ba na faɗin komai sai lafiya lau. To ga takarda, zan ɗauki hotonta in turo, ki sha karatu.

Wannan makon kamfaninmu ya samu jigilar baƙin wani babban taro. Wata ƙasa ce yaƙi ya ɗaiɗaita shekara tara. Yanzu an ajiye makamai, ƙasashen duniya sun taru za su sake gina ta, su kuma riƙe garuruwan tare da masu su har su tsaya da ƙafarsu. Aruna, ɗan Zangon Kumasi da ke gadin ƙofa, ya bar ni na leƙa zauren. Jannat, gari guda aka ɗora a kan tebur! Ga asibiti, ga makaranta, ga kasuwa, har da bishiyoyi kamar tsinken ashana. Wata Baturiya injiniya ce ta zana shi. Shekara biyu tana kansa, ba ta taɓa taka garin ba saboda nakiyoyin da ke hanya. Wallahi ta burge ni, mutum ya ƙarar da idonsa kan garin da ba nasa ba.

Baƙon da aka ba ni dattijo ne daga garin, sunansa Abdul-Jalil. Ya ƙi zaman baya, gaba yake zama, yana kirana ɗansa. Yau ya daɗe tsaye gaban teburin nan, da ya dawo mota ko abincin rana bai taɓa ba. Ban san abin da ya gani ba.

A gaida Inna da kyau.

Mijinki,
Sunusi

Al Asmakh, Doha
Laraba da safe

Jannat,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, Nasira kuma ta daina tarin. Ki zauna ki karanta wannan a natse.

Jiya Baba Abdul-Jalil ya buɗe mini cikinsa. Da Larabcina na yalla da khalas, da nuni da hannu, na fahimta sarai. Shi ne mai haƙa kabari a garinsu. Ita injiniya da hoton da ake ɗauka daga sama ta yi aiki, ta ga wani farin fili a gabas da gari, ba gini ba dutse, sai ta ɗora kasuwa da tashar mota a kai. Jannat, maƙabarta ce. Kin san mu ba ma gina kabari. Mu a gida ko fasasshiyar tukunya mukan kifa, su a shekarun yaƙi ko wannan ba su samu ba. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu ya binne a wurin da hannunsa. Ba takarda, a kansa suke, da taku yake ƙirga kowa daga gindin wata bishiya.

Minti uku aka ba shi a taron, ya yi godiya. Ya faɗi maganar filin, tafinta ya mayar da ita addu'a ga mamata, aka tafa masa. Gobe Alhamis za a sa hannu, daga nan sai motocin haƙa.

Ba mugunta ba ce, rashin sani ne, kuma shi ya fi damuna. Tun jiya kabarin mahaifina Malam nake gani, da tukunyar da ni na kifa masa.

Dokar kamfani ita ce direba ba ya tsoma baki a harkar baƙo. Wanda ya yi, kafil, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, na iya sallamarsa ya koma gida. Na sani, kin sani, aikin nan shi ke riƙe da mu. Amma kullum bayan la'asar injiniya takan tafi ofishinta a Al Gharrafa, direbanta kuwa ya yarda mu yi musanya yau. Zan ɗauke ta, Baba yana zaune a gaba. Ba shawara nake nema ba, kar ki ce na ɓoye miki ne kawai. Tsoro nake ji, ban ƙi faɗa ba. Ki sa Inna ta yi mini addu'a, amma kar ki gaya mata dalili.

Naki,
Sunusi

Al Asmakh, Doha
Asabar

Maman Nasira, abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaba ɗaya. Na ga saƙonninki goma sha ɗaya, na kuma ji faɗan, na karɓa. Ki kwantar da hankalinki, ga yadda aka yi.

Da ta shigo ta ga dattijo a gaba, ta ɗauka kuskure ne, ta gaishe shi, ta buɗe kwamfutarta. Kafin Al Gharrafa akwai wani fili da ba a gina ba tukuna, nan na tsaya. Na roƙe ta da Turancina na tasha ta ba mu minti biyar. Ta dubi agogo, ta dube ni, ta fito.

Baba ya kafa sandarsa a matsayin bishiyar. Ya yi taku uku, ya tsaya, ya kira suna. Taku biyu, wani sunan. Wannan mai gasa burodi ne, wannan ungozoma, waɗannan biyar rana ɗaya aka kawo su daga makaranta. Ni ina fassarawa iya iyawata. Can ya tsaya ya kira sunaye huɗu a jere, muryarsa ba ta ko girgiza ba, matarsa ce da 'ya'yansa uku. Nan Turancina ya ƙare, kuka ya ƙwace mini. Da na waiga, sai na ga injiniya ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, a filin da ba kowa a ƙarƙashinsa. Minti biyar ɗin nan sai da ya kai mu magariba.

Sauran Aruna ne ya gani. Ranar Alhamis, ministoci na zaune, alƙaluma a hannu, ta miƙe ta ce ba za a sa hannu a shafin kasuwa ba, ta yi kuskure, kuma nata ne ita kaɗai. Ba ta ɗora wa tafinta ba, ba ta ɗora wa hoto ba. Ta je teburin da kanta ta cire kasuwar. Wasu sun ɓata rai, an yi ta kai da komo har azahar. Daga ƙarshe aka sa hannu a sauran, aka mayar da kasuwa yamma, aka kuma sa Baba cikin majalisar da za ta riƙe garin. Ba za a haƙa ko ramin shuka ba sai ya taka wurin. Aikin shekara biyu, Jannat, a gaban duniya ta ce ba daidai ba ne. Ban taɓa ganin babba ya yi haka ba.

Ni kuwa manaja ya karɓe makullin mota. Wata guda zan yi ina wankin motoci, amma ba a sallame ni ba. Kar ki yi mini dariya, hannuna ya riga ya yi fari.

Jiya Baba da injiniya sun zo har wurin wankin yi mini sallama, da sabuwar taswira. Farin filin nan yanzu cike yake da sunaye, kwana biyu yana faɗa tana rubutawa. Na ga wani ɗan gurbi kusa da sunan matarsa, babu rubutu, na nuna mata ko mantuwa ce. Ta ce a'a. Da za ta ja layin katanga, shi ya riƙe mata hannu, ya ce ta ƙara taku biyu, domin nasa kabarin.

Ki sumbaci Nasira. Ranar Juma'a ki roƙi Kawu Auta ya leƙa wurin Malam, ya duba mini ko tukunyar tana nan.

Mijinki mai ƙaunarki,
Sunusi