Kada a Sayar da Karsanan da Suka Rage Saboda Injin Nono

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Manoma da Makiyaya ta ƙauyenmu,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali, ya kuma haƙuri da jama'a? Ni ne Sani ɗan Inna Hajara mai fura, wanda ke Guangzhou yana haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya daga kasuwar Canaan. Na kira wayarka har na gaji, shi ya sa na rubuto a fili inda kowa zai gani.

Na ɗaya. Ka turo kuɗi ka ce in saya wa ƙungiya injin sanyaya nono, don nonon ƙauyenmu ya daina lalacewa kafin ya kai birni. Na yi murna ƙwarai, na je masana'anta na ba da su a matsayin rabin farashi, aka haɗa injin. Ba ka taɓa faɗa min shanun tatsa aka sayar aka tara kuɗin ba. Sai ranar da na kira Inna, na ji tana cewa a miƙo mata gwangwanin madarar gari, sannan na gane. Matar da tun kafin a haife ni take dama fura da nonon saniyarta, yau da madarar kanti take haɗa kindirmo, masu saye suna kurɓa suna yatsina fuska.

Na biyu. An ce an yi taro bayan sallar Juma'a kuma kowa ya amince. Wane kowa, Alhaji? Maza zalla ne. Ka fi ni sanin cewa a wajenmu saniya ta namiji ce, nono kuwa na mace ne. Da kuɗin nono ake sayen gishiri da daddawa da maganin zazzaɓin yara, ba a jira maigida. Kun tambayi masu igiya, kun manta masu ƙwarya. Baffa Ilu ya ba da Fara, saniyar da mahaifinmu ya bar wa Inna, don kawai a garkensa take kwana. Inna a bakin 'yan tsallaken hanya ta ji an kai ta kasuwa.

Na uku, abin da idona ya gani a nan. Mai masana'antar ya taɓa ɗaukata zuwa ƙauyensu a bayan gari. Su baunar gida suke tatsa, baƙa mai faɗin ƙaho, nononta da kauri kamar an tafasa. Ya nuna min garken mahaifinsa, ko jela babu. Shekarar da mahauta suka yi tayi mai kyau, gida bayan gida aka sayar. Ɗakin da ƙauyen ya gina don tara nono yanzu kwalayen takalma ne a ciki har rufi. Tsoho ɗaya ne ya ƙi sayar da tasa, aka yi ta yi masa dariya, yau masu shaguna a ƙofarsa suke jiran asuba don sayen nono. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na huɗu, halin da ka jefa ni. Injin yana sito. Na roƙi mutanen masana'antar su dawo da abin da muka bayar, amsarsu ɗaya ce, meiyou, wato babu. Ba kuma za su sake shi ba sai an cika. Kai kuwa na ji ka ce ranar kasuwa mai zuwa za ka kai karsanan da suka rage, har da 'yar Fara, ka cika. In na ƙi, shanun farko sun tafi a banza. In na yarda, da hannuna aka ƙarasa garken. Gaba kura, baya sayaki. Bizata ta kusa ƙarewa, sunana ne a kan cinikin, ba ni da halin tafiya in bar kayan jama'a, kuma wallahi ban san da wane ido zan kalli Inna ba.

Don haka ina roƙonka, ka bar karsanan nan a garkensu. Ka sake kiran taro, wannan karon a tsakar gida, mata su zauna su faɗi nasu. Ni zan roƙi mai masana'antar ya yi mana haƙuri, in kuma bi 'yan uwanmu da ke zaune a titin Huanshi Lu ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa a samu mai son injin ko mai taimaka mana mu cika. Zan jure zaman nan iya ƙarfina, amma ka tsayar da igiya tukuna.

Ban zarge ka da cin komai ba, ranka ya daɗe. Na san alheri ka nufa. Sai dai in injin nan ya iso ya tarar da garke babu komai, ruwan leda za mu sanyaya a ciki, Inna kuma ta zo ta saya da kuɗin da ba ta da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon sauraren waɗanda ba a kira taro ba, ya sa 'yar Fara ta haihu a gidanmu.

Wassalam.

Sani ɗan Inna Hajara,
Guangzhou.