Sunan da Ban Iya Faɗa Ba a Zauren Tseren Babur

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tseren Babur na Yara,
zauren tsere da ke bayan Giza, Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Da Hausa na rubuta ta, don Larabcina na cefane ne da shiga motar haya ta mikrobas, ba zai ɗauki abin da ke raina ba. Wata ɗaliba maƙwabciyarmu za ta juya maka ita, ni kuma zan sa ta a dandalin 'yan Najeriya mazauna Masar. Na yi sintiri a ofishinku har mai gadi ya gane ni, kullum amsar ita ce ma'alesh, wato a yi haƙuri, a dawo wani sati. Shi ya sa na fito fili.

Ni ce mahaifiyar yaron nan ɗan Najeriya mai shuɗin babur, wanda kuka dakatar a watan jiya bisa zargin ya zo da uwar ƙarya. Mijina ma'aikacin ofishin jakadanci ne, muna zaune a unguwar Muhandisin.

Na ɗaya. Ba ni na kai shi wannan wasa ba, kuma ban taɓa sonsa ba. Da muka zo ƙasar nan yaron ba ya fita ko nan da can. A makaranta yara suna tsokanarsa da launin fatarsa, in ya dawo ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Babansa ne ya kai shi zaurenku wata rana don ya sha iska. Ya ga yadda aka jibge jar ƙasa a ƙarƙashin rufi, aka yi tudu-tudu da kwana-kwana, yara sa'anninsa suna tashi sama da babur kamar an cilla su. Tun daga ranar ban sake samun kansa ba. Ni ce mai wanke rigunan da ke dawowa da laka har cikin aljihu, ni ce mai gasa masa gwiwa da ruwan zafi ina faɗa. Ko abinci yake ci, gwiwoyin hannunsa a buɗe suke kamar yana riƙe da kan babur, ƙannensa suna yi masa dariya. Ya taɓa gaya wa babansa cewa abin da ya fi so shi ne in an sa hular kwano babu wanda ya san fuskar wani, sai dai a ga wa ya fara shan kwana. A zaurenku ya koyi ɗaga kai ya yi magana da mutane. Bana ita ce shekararsa ta ƙarshe a ajin yara, kuma bana ne ya fara shiga sahun gaba.

Na biyu. Ranar da abin ya faru babansa yana Abuja, shi ne kuwa mai tsaya masa a kowane tsere. Ni na raka shi, tare da yayar babansa, wadda muke kira Goggo, ta zo ganin likita ta sauka wurinmu. Muka zauna can sama cikin hayaƙi da ƙara, Goggo tana ta salati. A zagayen share fage yana na biyu, ya sauko daga babban tudu, tayar baya ta zame, ya kifa. Aka ɗaga tutar rawaya. Kafin in gama miƙewa har ya tashi ya tada babur, ya ƙarasa cikin waɗanda suka tsallake zuwa zagayen ƙarshe. Likitanku ya duba shi ya ce tamam, ba abin da ya same shi. Saura ƙa'idarku, cewa yaron da ya faɗi ba zai koma ba sai uwa ko uba ya sauko ya amince. Ba ni da ja da wannan ƙa'ida. Sai lasifika ya shiga kiran uwar wane, da sunan yaron, yadda kuke yi a nan.

Na uku, kuma nan ne nake so ka tsaya ka karanta a hankali, ranka ya daɗe. Ku a Masar, ana kiran mace da sunan ɗanta na fari, tana amsawa da alfahari. Mu a gidanmu akasin haka ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a taro ta ce nawa ne. Kunyar ɗan fari muke ce wa abin. Ga shi kuma yaron sunan surukina ya ci, mahaifin mijina, wanda ko a bayan ransa matar ɗa ba ta kama sunansa. Kowa Baffa yake ce masa, ni kuwa yaron nan nake cewa, in kira ne in ce kai. Haka uwata ta yi da yayana har ta koma ga Allah, kuma babu wanda ya taɓa tunanin ba ta sonsa.

Da aka yi kiran, Goggo ce ta sauka, don a wurinmu ita ce mai wannan hurumi. A hannunta aka yaye shi, ita ta raine shi har ya shiga firamare. Jami'inku mai jar riga ya ce ba ita ake nema ba. Na sauko da gudu, takalmi a hannu. Ya dube ni ya tambaye ni ko ɗana ne, na ɗaga kai alamar e. Ya ce in faɗi sunansa. Goggo tana tsaye a gefena, 'yar mai sunan ce ta cikinsa, iyayen sauran yara sun kewaye mu. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na ce Baffa. Ya duba allonsa bai ga Baffa ba. Ya sake tambaya da ƙarfi, na ce masa yaron nan ne dai, ga shi nan tsaye. Yaron ya cire hula yana rantse masa da Larabci cewa ni ce, yana ƙoƙarin yi masa bayanin al'adarmu, aka ce ya yi shiru, ba shi aka tambaya ba. Ina cikin neman kalmar da zan faɗa aka saki ƙofar tashi, babura suka fita babu shi. Jami'in ya ce kalas, wato an gama, ya juya.

Na huɗu. Da rashin wannan zagaye kaɗai ne da na haɗiye. Amma kwamitinku ya zauna ba tare da ya kira mu ba, ya yanke cewa yaron ya kawo mata biyu da ba iyayensa ba don ya yaudari jami'ai, ya dakatar da shi har ƙarshen kakar bana, ya cire sunansa daga allon zaure. Babansa ya dawo ya je da kansa, aka ce masa an riga an yanke, sai zama na gaba, kuma zaman na gaba sai bayan tseren rufe kaka. Wannan ya yi mini ciwo matuƙa. Na yi naƙudarsa, na yi jinyarsa, yau an rubuta a takarda cewa hayata aka yi. Mai jar riga bai yi ƙarya ba da ya ce ban faɗi sunan ba. Abin da nake ƙara a kai shi ne babu wanda ya tambayi dalili, alhali tambaya ɗaya ta isa.

Na biyar. Aikin mijina a nan ya zo ƙarshe, kayanmu ma sun fara shiga kwali. Garin da za mu koma babu zaure irin naku, babu mai koyarwa, babur a can na ɗaukar fasinja ne da kai buhu kasuwa. Ko da mun zauna, baɗi ya wuce shekarun ajin yara. Tseren rufe kaka shi ne na ƙarshe da zai taɓa samu, kuma kun rufe masa shi. Babur ɗin yana nan ƙarƙashin matakalar gidanmu, wani ya riga ya zo ya taya. Duk yammacin Juma'a yaron yana sauka ya goge shi ya sa wa sarƙa mai, ya dawo ya shige ɗaki ya rufe ƙofa kamar da. Bai taɓa ce mini laifina ne ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Ba na sa rai sosai, ranka ya daɗe, na ga yadda takardu suke kwana a ofishinku. Duk da haka ga roƙona. Ku bar shi ya hau tseren rufe kaka, ko daga layin baya ne, ko ba za a lissafa masa maki ba. In hakan ya gagara, ku goge kalmar yaudara daga takardarsa, ku mayar da sunansa allo kafin mu tafi, ya gan shi da idonsa. Kuma ku gaya wa jami'anku, in wata baƙuwa ta tsaya a gabansu ta kasa kiran sunan ɗanta, su tambaye ta me ya sa kafin su juya mata baya.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare yaran da ke hawa a zaurenka daga karaya, Ya raya maka naka, kada Ya nuna maka ranar da za a ce ka kawo shaida cewa naka ne.

Ka lura har na zo nan ban rubuta sunansa ba, hannuna ma ya saba da kauce masa. Goggo za ta ga wannan takarda, dangin mijina za su gani, na san abin da za a ce a gida. Kun nemi in faɗa a gaban jama'a, lokacin da zai yi amfani na kasa. Ga shi yau a ƙasa, yadda kuke so, ko da ba zai ƙara buɗe masa ƙofar tashi ba.

Wassalam.

Ummu Sulaiman, wadda ta haife shi,
Muhandisin, Giza.