Minti Uku Ba Su Isa Uwa Ta Ji Lafiyar 'Yarta Ba

Zuwa ga Manajan Ofishin Wayar Tarho,
Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Mu nan gida, ɗana Sani yana koyarwa a Kauru, lafiyarsa ƙalau, ƙarshen wata yake leƙo mu. Autata Bilki tana makarantar kwana, ita ma lafiya. Malam maigidana, wanda layin waya yake da sunansa, shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yana ci, yana magana kaɗan-kaɗan, amma ni ke tayar da shi, ni ke kwantar da shi, ba na iya yin nisa. Babbar 'yata kuwa, wadda take aure a Maiduguri, ba ta da lafiya. Tana kwance a asibiti da cikin wata takwas, bayan ciki biyu da suka zube mata a baya. Saboda ita na ɗauki biro.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan takarda kwana huɗu na yi ina rubuta ta. Sau biyu na kai wasiƙa ofishinka da hannuna, ba a ba ni amsa ba. Shi ya sa na aika wannan ta jarida, ko ka fi jin maganar da mutane da yawa suka gani.

Na ɗaya, maganar kuɗi. Lokacin da Malam yake aikin jirgin ƙasa, shekara huɗu muka yi muna jiran a jawo mana layin nan. Da aka jawo, takardar kuɗin wata ba ta taɓa hana mu barci ba. Bara warhaka naira tamanin da biyar muke biya. Farkon wannan shekara aka kawo ɗari biyu da arba'in. Ta watan jiya ɗari shida da goma sha biyu ce, da jan rubutu a ƙasa cewa in ba mu biya ba kafin ƙarshen wata za a yanke. Fanshon Malam bai kai haka ba, kuma wata uku ke nan bai fito ba. Ba wanda ya gaya mana an ƙara kuɗi. Ba a faɗa a rediyo ba, ba a liƙa a ƙofar ofis ba, takarda kawai muke gani tana kumbura. A cikin watan ma, ruwan sama ya kashe layin kwana goma sha ɗaya cur, amma kuɗin haya bai ragu da kwabo ba. Na je tagar biyan kuɗi na roƙi a nuna min kiran da na yi ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake wurin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce min mita ce ta faɗa, mita ba ta ƙarya. Na ce to a nuna min mitar. Ya ce tana ciki, ba a shiga. Yallaɓai, ko mai awon hatsi a kasuwa yana barin ka ga mudunsa.

Na biyu, kada a ce ɓarna muke yi. Ga abin da na yi don in rage. Na sayi ɗan ƙaramin kwaɗo na kulle wurin juya lamba, makullin yana ɗaure a bakin zanena dare da rana. Na hana Sani taɓawa in ya zo. Na hana maƙwabta kira, sai dai in su aka kira. A layinmu gidanmu ne kaɗai mai waya, kuma da ba mu taɓa karɓar ko sisi a hannun kowa ba. Maƙwabciyata Mama Laraba, mutuniyar Kwoi, shekara ashirin muna katanga ɗaya, ita ta riƙe min Bilki lokacin da na yi jinya. Ɗanta soja ne a Legas. Ranar da ta shigo ta ga kwaɗon, sai ta yi dariya ta ce, "Maman Sani, waya ya zama banki ne yanzu?" Ta juya ta fita ba ta roƙa ba. Har yau in mun haɗu a bakin famfo ni ke sunkuyar da kai.

Kira ɗaya tak na bar wa kaina a mako. 'Yata ba ta da waya a ɗakinta, sai a falon mai gidan da suke haya. Muka tsayar da Juma'a bayan la'asar, tana zaune kusa da wayar tana jira, don kada kuɗi ya tafi a zuwa kiranta. Wani ma'aikacinku ya ba ni shawara cewa kiran nesa kada ya wuce minti uku, in ya wuce kuɗin gudu yake. Sai na ɗauko agogon aikin Malam na ajiye kan tebur. Na yagi takarda daga littafin ajinmu, tun Alhamis nake rubuta abin da zan tambaya: kin ci abinci, kin sha magani, kin je awo, yana motsi? Na soke gaisuwa. Tana ɗauka sai in karanta, ta amsa, in ajiye. Har alfahari na yi, ina cewa ashe karatun nan ya yi min amfani.

Na uku, kuma wannan ce ta hana ni sukuni. Ranka ya daɗe, kai ma uwa ce ta haife ka, ka san yadda muke. In ka shiga gaida mara lafiya, ko yana nishi, ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi. Ba a faɗin ciwo a tambayar farko. Sai an yi ina wuni, ina gajiya, yaya maigida, yaya ruwa, yaya mutanen gidan, an zagayo an sake, an ɗan yi shiru, sannan mutum ya ce, "Lafiya lau, sai dai..." Daga nan gaskiya take farawa. Balle 'yar fari, wadda ko sunanta ba na kira, ita ma ba ta iya haɗa ido da ni. Balle kuma a falon mutane, mai gida yana zaune yana jin rediyo. Na san wannan tun ina yarinya. Tsoron takardarku ne ya mantar da ni.

Juma'a uku da suka wuce na kira ta. Na karanta tambayoyina huɗu, ta ce lafiya lau sau huɗu. Na ƙara da saƙon babanta. Ina kallon agogo, minti uku sun kusa cika, sai na ji ta ja numfashi ta ce, "Inna..." Ni kuwa na ce, "To, sai Juma'a, Allah ya raba lafiya," na ajiye. Na kulle kwaɗo, na ɗaure makulli, na je na ɗora tuwo.

Ranar Lahadi da hantsi mijinta ya kira. Ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga, an kai ta asibiti, likita ya ce jininta ya hau sosai. Ashe kwana goma ƙafafunta a kumbure suke, takalmi ba ya shiga, kanta yana sarawa, idonta yana ganin duhu-duhu. Mijin ya yi ta cewa su je asibiti, ta ce a bari ta tambayi Inna ranar Juma'a ko haka ciki yake yi in ya tsufa. Ni ta jira. Ni da na haifi shida, na ga wannan ciwo ya ɗauke ƙanwata, da ta faɗa min kalma biyu da a ranar na sa an kai ta. Kalmomin suna bakinta, a minti na huɗu, ni kuma na ajiye waya.

Allah ya kiyaye, ita da abin da ke cikinta suna da rai. Likita ya ce ba za ta tashi daga gado ba sai an yi mata aiki, nan da mako uku in Allah ya yarda. Ban ce kai ka sa mata ciwo ba. Hannuna ne ya ajiye wayar, kuma zan amsa wannan a gaban Allah. Amma ina tambayarka, wa ya sa min agogo a gaba? Wa ya mayar da gaisuwa abin da talaka ba ya iya saya? Wanda ya zauna ya yanka minti uku, wane irin mutane ya ɗauka muke? Ko ya zaci muna magana ne kamar telgiram?

Yanzu kuma kuna cewa za ku yanke. Ba zan iya barin Malam in tafi Maiduguri ba, ba mai juya shi. Wasiƙa tana kwana goma a hanya. Wayar nan ita ce kaɗai hanyar da zan san ko 'yata ta tashi daga aikin nan. Na sayar da buhun citta biyu da na ajiye don kuɗin makarantar Bilki, na kai naira ɗari uku, rasit yana hannuna. Aka karɓa, aka ce ba ya hana yankewa.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba sadaka ba ce.

Ɗaya, kada a yanke layinmu har 'yata ta haihu. Saura ɗari uku da goma sha biyu, zan biya kashi uku, wata-wata. Shekara tara muna biya, ba mu taɓa tsallake wata ba, ku duba littafinku.

Biyu, a cire mana kuɗin kwana goma sha ɗayan da layi ya mutu. Ba a biyan kuɗin abin da ba a sha ba.

Uku, a riƙa rubuta kowane kira a takarda, da ranarsa da garinsa da kuɗinsa. Na wahala kafin na iya karatu, ku ba ni abin da zan karanta.

Huɗu, in za ku ƙara kuɗi, ku faɗa tun da wuri, da Hausa, a rediyo da ƙofar ofis. Na ji ana cewa akwai lokutan da kira ya fi araha. In gaskiya ne, ku rubuta ku liƙa. In ba gaskiya ba ne, ku ware ko da yini ɗaya a mako, saboda iyayen da 'ya'yansu suke nesa. Ba ni kaɗai ba ce. Mama Laraba wata biyu ba ta ji muryar ɗanta ba, kuma ni ce na kulle.

Ina roƙon amsa a rubuce kafin Alhamis ta ƙarshen watan nan, don washegari Juma'a ce, kuma ma'aikatan jinya sun yarda su kai 'yata wurin wayar asibiti a keken marasa lafiya bayan la'asar. Ina sanar da kai tun yanzu, na mayar da agogon Malam cikin akwati, na jefa takardar tambayoyi a murhu. Ranar nan zan gaishe ta tun daga ina wuni, in tambayi mijinta da masu jinya da ruwan Maiduguri, in zagayo in sake, in yi shiru in jira, har sai ta ce "sai dai". Ko minti ashirin ne, mitarku ta ƙirga. Ku dai bar min layin a raye.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuriya, ya sa duk ranar da ɗanka ya kira ka daga nesa ka sami damar saurarensa har ya gama.

Wassalam, na bar ka lafiya.

Ni ce,
Hajara, Maman Sani,
Kafanchan.